Kowa Zuciyarsa Ke Tsayawa: Nasiha Ga Mai Riƙe Da Alƙalamin Asibiti

Ɗana, na ji an tura ka arewa, wajen Nano, yanzu da ka kammala karatun jinya. Allah ya sanya albarka, ya sa ka fara a sa'a. Daga Zangon Sokode zuwa can tafiya ce: ka bi babbar hanyar da ta taso daga Lome, ka wuce Kara, ka wuce Mango, sannan ka ratse yamma zuwa gindin duwatsun nan da kakannin Moba suka gina rumbunan ƙasa a cikin kogwannin Nok. Babban asibitin da za ka riƙa tura marasa lafiya shi ne na Dapaong, in abu ya fi ƙarfin Dapaong sai Kara. Maganar allura da magani malamanka sun riga sun yi maka, ba zan ƙara ba. Tawa a kan alƙalami ce, da abin da za ka rubuta ranar da mutum ya yanke jiki a gabanka.

In ka buɗe rajistar mamata a asibitoci da yawa, za ka tarar kalmomi biyu na Faransanci sun cika shafi daga sama har ƙasa: arrêt cardiaque. Tsoho ya rasu, zuciya ta tsaya. Mai jego ta rasu, zuciya ta tsaya. Yaron da aka kawo jikinsa zafi rau, da ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, da babbar mota ta take a hanyar Sinkase, duk zuciya ta tsaya. Ba a yi ƙarya ba, amma kuma ba a faɗi komai ba, domin tun zamanin Annabi Adamu ba a taɓa kai wani makwancinsa zuciyarsa na bugawa ba. Abin da takardar take tambayarka shi ne, me ya tsayar da ita?

Tsayawar ma ba iri ɗaya ba ce. In an manna wa mutum wayoyin na'urar duba zuciya a ƙirji, ɗaya daga cikin abu huɗu za ka gani a allo. Ko dai zuciyar tana karkarwa ba tsari, ko tana wani mugun gudu da ba ya tura jini. Waɗannan biyun su ne ake jona wa wutar lantarki don su dawo hayyacinsu. Ko kuma layi ya miƙe sambal, babu motsi. Na huɗun shi ne mai yaudara, kuma a kansa nake son mu daɗe. Allo yana nuna zane yana tafiya da tsari, har da lamba a gefe, 60 ko 45 ko 110, kamar na mai rai, amma ka sa yatsu biyu a gefen maƙogwaro ka ji wayam. A littattafanku na Faransanci AESP ake taƙaita sunansa, 'yan Gana da Najeriya su ce PEA, ma'ana lantarkin zuciya yana aiki amma babu bugun jini. Tsofaffin majo, wato shugabannin ma'aikatan jinya, da suka yi karatu tun da daɗewa za ka ji suna ce masa dissociation électromécanique. Abu ɗaya suke nufi.

Ka san injin ban-ruwa na 'yan lambu. Wani lokaci za ka ji yana ta ruri, amma ko ɗigo ba ya fita ta bakin tiyo. Ko rijiyar ce ta ƙafe, ko wani abu ya danne tiyon, ko laka ta toshe shi, ko kuma farfelar ciki ce ta lalace. Mai hankali ba ya ƙara wa injin wuta, sai ya bi layi ya gano inda matsalar take. Shi ya sa jona wa irin wannan zuciya lantarki aikin banza ne. Abin yi shi ne danna ƙirji ba sassauci, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura iska 2, da allurar adirenalin miligiram 1 ta jijiya da wuri-wuri, a maimaita duk bayan minti 3 zuwa 5, a riƙa duba allo da wuya duk minti 2. Duk wannan kuwa jinkiri kawai yake samar maka. Mutumin ba zai dawo ba sai an gano abin da ya kawo tsayawar an kawar da shi.

Turawa sun jera waɗannan dalilai don sauƙin hadda, ka kuma hardace su a makaranta. Ni so nake ka gan su da fuskokin da za su zo maka da su a yankin Savanes. Ƙarewar jini ko ruwan jiki shi ne kan gaba: matar da ta haihu a gida jini ya ƙi tsayawa, cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, wanda ya faɗi daga babur saifarsa ta tsage yana zubar jini ta ciki ba a gani, mai amai da gudawa da ya kwana biyu kafin a kawo shi, manomin da kububuwa ta sara jininsa ya daina daskarewa. Sai rashin iska: ciwon huhu, shaƙewa, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini har tafin hannunsa ya yi fari fat. Sai ƙodar da ta gaza, sinadarin fotasiyam ya taru a jini. Sai iskar da ta taru a kogon ƙirji bayan karayar haƙarƙari ta matse huhu da zuciya, ko jinin da ya cika jakar da zuciya take ciki, ko gudan jini da ya taso daga ƙafa ya toshe hanyar huhu, ko jijiyar zuciyar kanta da ta toshe. Ga kuma guba, musamman maganin feshin auduga da ake ajiyewa a ɗaki ɗaya da hatsi. Wasu daga cikinsu ƙarin ruwa ko leda biyu na jini ko allura guda a ƙirji ke raba su da mutuwa. Don haka duk wanda ya rubuta AESP ya ajiye biro, rabin magana ya yi.

Kafin nan ma, ga sharaɗi na farko: abin da idonka bai gani ba kada hannunka ya rubuta. Ba a gane irin wannan tsayawar da ido ko da yatsa, sai da allo. A ƙananan asibitocin karkara sau da yawa babu na'urar, ko akwai amma babu wuta. To a nan ba ka da ikon rubuta AESP, ba ka da ikon rubuta cewa layi ya miƙe, komai yadda kalmar za ta ƙawata takarda ta nuna kai ma ka yi karatu. Rubuta gaskiyarka: ba ya amsawa, ba ya numfashi, an taɓa wuya na daƙiƙa goma babu bugu, ba a haɗa na'ura ba. Wannan layin ya fi daraja a wurin likitan Dapaong fiye da babban suna na ƙage, domin ya san inda zai fara.

Inda kuwa akwai allo, faɗi abin da ya nuna tun farkon haɗawa, domin zanen farko shi ake ƙirgawa ko da daga baya ya rikiɗe ya zama wani. Nawa ne saurinsa? Tsinin zanen siriri ne ko mai faɗi? Ba ƙa'ida ce da ba ta karyewa ba, amma sau da yawa siriri mai sauri yana nuni ga jini da ya ƙare ko wani abu da ya danne zuciya, mai faɗi mai nawa kuma yana nuni ga fotasiyam ko guba. In na'urar tana fitar da takarda, yago guntun ka manna a fayil, ka rubuta suna da lokaci a bayansa, don tawadar irin wannan takarda tana dishewa. In likita ya ɗora na'urar hoton ciki a ƙirji ya ga zuciyar tana ɗan motsi ko ta tsaya cik, ko ya ga ruwa ya kewaye ta, shi ma a rubuta.

Sai lokaci. A shekarar 1990 wasu likitocin Turai da Amurka suka taru a wani tsohon gidan ibada mai suna Utstein, a wani tsibiri kusa da Stavanger a ƙasar Norwe, saboda sun lura kowane asibiti yana ba da labarin farfaɗo da zuciya yadda ya ga dama, ba a iya gwada na wannan da na wancan. Tsarin da suka fitar a 1991 har yau sunan wurin yake amsawa, kuma ƙashin bayansa tambayoyi ne da ko a Nano za ka iya amsawa da biro da agogo: an ga faɗuwarsa ko tarar da shi aka yi, ƙarfe nawa, yaushe aka fara danna ƙirji, wane zane aka fara gani, yaushe aka ba da adirenalin na farko, bugu ya dawo ko bai dawo ba, yaushe aka daina.

A cikin hayaniya babu mai riƙe waɗannan a ka. Minti huɗu kan zama kamar ashirin, ashirin kuma kamar huɗu. Saboda haka da zarar an fara, ka damƙa wa mutum ɗaya takarda, ko ɗalibi ne, ka ce masa aikinsa ke nan, kada ya taɓa komai sai biro. Agogo ɗaya za a bi, na bango, don wayarka da ta majo ba lalle su zo daidai ba. In babu takarda a kusa, bayan kwalin ruwan ƙari ya isa, daga baya a kwafe. Kwalaben adirenalin da aka fasa kuma kada a zubar, a jera su a faranti har a gama. In an ƙirga huɗu a faranti, takarda ta ce uku, ka san akwai gyara.

Bari in ƙaga maka misali, don ka ga yadda shafin kirki yake. Mace ce 'yar shekara talatin da wani abu, haihuwa ta shida, ta sauka a gida da tsakar dare, aka ɗauko ta a keke mai ƙafa uku, zani biyu sun jiƙe sharkaf. Mai biro ya rubuta: 02:10 an iso da ita, tana magana sama-sama, hannu da ƙafa sanyi, mahaifa taushi ba ta tsuke ba. 02:14 an sa ruwa ta jijiya biyu, an ba da oksitosin, ana murza ciki, an aika neman jini. 02:31 ta daina amsawa, babu bugu a wuya, allo na nuna siririn zane 120 a minti, an fara danna ƙirji. 02:33 adirenalin na farko. 02:37 na biyu, lita biyu na ruwa sun shiga. 02:41 na uku, zane ya sauka 40, jini bai iso ba. Haka har zuwa lokacin da likita ya ce a daina, da sunansa, da sunayen waɗanda suke wurin. Wanda ya karanta wannan bayan shekara biyar zai ga matar, zai kuma ga inda aka rasa ta. Kalmomi huɗun nan, jini bai iso ba, sun fi duk sauran nauyi.

Yanzu ga maganar lamba. Akwai kundin da duniya ta yarda da shi na rarraba cututtuka, ku CIM kuke ce masa, maƙwabtanmu masu Ingilishi ICD. Asalinsa jerin dalilan mutuwa ne da wani Bafaranshe masanin ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya gabatar a Chicago a 1893, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. A bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, tsayawar zuciya tana ƙarƙashin I46. Wanda aka samu nasarar farfaɗo da shi I46.0, mutuwar fuju'a ta zuciya I46.1, wadda ba a fayyace ba I46.9. Babu gurbi na musamman ga irin tsayawar da muke magana a kai, don haka I46.9 take faɗawa in ba a farfaɗo ba. Amurkawa sun yi wa kundin kwaskwarima tasu, suka fara aiki da ita a Oktoban 2015: a wurinsu I46.2 tsayawar da ciwon zuciya ya jawo, I46.8 wadda wani ciwon daban ya jawo. Kada ka kwaso lambobinsu daga intanet ka zuba a takardarmu, ba kundi ɗaya ba ne. Bugu na goma sha ɗaya, da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022, shi ne ya ba ta lambarta ta kanta, MC82.3. Abin da ya fi burge ni a wannan bugun shi ne inda aka ajiye ta: an fitar da tsayawar zuciya gaba ɗaya daga babin cututtukan zuciya, an mai da ita babin alamomi. Masu kundin da kansu sun yarda alama ce, ciwon yana ƙarƙashinta.

Mai sanya lamba kuwa, ko kai ne da kanka a ƙarshen wata ko wani ma'aikacin ƙididdiga a ofishin gunduma, ba boka ba ne. Ba shi da izinin ƙirƙiro ciwon da ba a rubuta ba, ko da ya hango shi tsakanin layuka. A manyan asibitocin Amurka har takarda yake aika wa likita ya ce a fayyace, saboda a can da lambar kamfanin inshora yake biyan kuɗi. Mu nan wa zai bi ka Nano da tambaya? Abin da ka ba shi da shi zai yi aiki.

Takardar shaidar dalilin mutuwa ta Hukumar Lafiya tana da sashe na farko mai layuka huɗu, a, b, c, d, kowane layi wanda ke ƙarƙashinsa ne ya haife shi, na can ƙasa shi ne tushe, kuma shi ake ƙirgawa. Ga matar nan: layin a, jiki ya saki saboda ƙarewar jini, kimanin minti arba'in, layin b, zubar jini bayan haihuwa, awa uku, layin c, mahaifa ta ƙi tsukewa. Sashe na biyu na abin da ya taimaka ne ba shi ne tushe ba, kamar ƙarancin jinin da take da shi tun tana da ciki. Lambarta O72.1, a babin ciki da haihuwa. AESP tana nan a fayil inda ta dace, amma ba ta da kujera a layin tushe. Kada kuma ka manta da gurbin da ake tambaya ko mace tana da ciki ko ta haihu cikin kwana 42 kafin rasuwarta. Ko tsayawar zuciya bayan tiyatar haihuwa ma, kundin ya ɗauke ta daga I46 ya kai ta O75.4, don kada mutuwar uwa ta ɓace a cikin taron masu ciwon zuciya.

In ka rubuta arrêt cardiaque kaɗai, ga abin da zai biyo baya. Rahotonka zai shiga kwamfuta, ya hau manhajar DHIS2 zuwa gunduma, zuwa Dapaong, zuwa ma'aikatar lafiya a Lome. Can za a jefa shi cikin tarin da ba a san dalilinsu ba. Christopher Murray da Alan Lopez, a babban aikinsu na 1996 kan nauyin cututtuka a duniya, lambobin shara suka kira irin waɗannan. Ranar da za a zauna rabon firjin ajiye jini da oksitosin da motar ɗaukar marasa lafiya, takarda za ta nuna yankinku ba ya rasa mata wajen haihuwa. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin Wezou na masu ciki a 2021, inshorar lafiya ta kowa da kowa ta fara a Janairun 2024, kuma duk irin waɗannan shirye-shirye da alƙaluma ake auna su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, Lome ba za ta yi mafarkinsa ba.

Na san abin da za a ce maka a zaure: kwana ne ya ƙare, ajali ya yi, bincike na mene ne? Gaskiya ne ajali ba ya jinkiri. Amma ajali da sanadi ba kishiyoyi ba ne, kuma addinin da ayarsa mafi tsawo, a Suratul Baƙara, take umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu, ba zai ƙyamaci a rubuta yadda rai ya fita ba. Mu kuma mutane ne masu gaggauta jana'iza. Wanda ya rasu da asuba kafin azahar an rufe shi, ba a buɗe gawa a bincika. Shafinka shi kaɗai ne shaidar da ta rage. Wata rana wani babba zai matso kusa da kai ya ce a sassauta, kada a rubuta guba, kada a rubuta cewa ciki aka zubar, a bar shi a zuciya ta tsaya don rufin asiri. Ka ba shi girmansa, ka ce masa Baba, asirin fayil amana ce a wuyana, ba mai jin sa a kasuwa. Amma kada ka sauya abin da ya faru. Haka in kuskure ya shiga rubutu, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farkon, rubuta daidai a gefe, sa hannu da kwanan wata. Abin da ka tuna daga baya ka ƙara shi, ka nuna cewa daga baya aka ƙara.

Wanda Allah ya sa bugunsa ya dawo kuma, takardar turawa ita ce bakinsa, tunda shi ba ya magana. Minti nawa ya yi babu bugu, me aka zuba masa, me kuke zargi, duk su bi shi cikin mota, kada a bar su a bakin direba.

Akwai ranar da za ka yi iya yinka ba ka gano dalili ba: an kawo mutum ya riga ya cika, ko ya faɗi kafin a tambaye shi komai. Kundin ya tanadi gurbin wannan, R99, dalilin da ba a sani ba, kuma ba abin kunya ba ne. In kana da zato mai ƙarfi, rubuta shi a matsayin zato. Amma kafin ka kai ga R99, fita waje ka zauna da wanda ya kawo shi. Bayan ka yi masa gaisuwa, tambaye shi a hankali: kwana nawa yana ciwo, da zazzaɓi, ya yi amai, an ga jini a baki ko a fitsari, me ya sha, daga ina ya dawo, akwai wani mai irin ciwon a gida?

Dalilin wannan tambaya ta ƙarshe a Mango ya faru, garin da za ka ratsa a hanyarka. A Fabrairun 2016 wani Ba'amurke ma'aikacin lafiya da ke aiki a can ya kwanta da zazzaɓi, aka fara yi masa maganin cizon sauro, jiki ya ƙi, aka ɗauke shi zuwa birnin Kolon na Jamus, ya rasu jim kaɗan da isarsa. Sai bayan rasuwarsa aka gano zazzaɓin Lassa ne. Kafin sakamakon ya fito, wani ma'aikacin gidan shirya gawa a Jamus da ya taɓa shi ya kamu, abokin aikinsa da ya yi jinyarsa a Mango shi ma ya kamu, aka kai shi Atlanta. Wannan a ƙasar da take da kowace irin na'ura ke nan. Kai da ka danna ƙirjin mamaci da hannunka, da masu wankan gawa da ke jira a ƙofa da likkafani, ku ne na farko a layi. In ka ji zazzaɓin da ya ƙi magani tare da zubar jini, dakatar da wankan, kira likitan gunduma tun gawar tana ɗaki, ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, da naka a ciki, domin kwana 21 za a yi ana bibiyarku.